Tsarabar Inna a Kan Yashi

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidan da ta tashi mace ba ta ambatar sunan ɗan fari, ba ta kuma roƙon sa abu baki da baki. Tun da na ɗauko ta daga Nguru bayan rasuwar mahaifina, ta dawo wurina a Abuja, duk abin da take so daga gare ni sai ya bi ta kan matata. Inna za ta faɗa a kicin da rana, ni kuma in ji bayan na dawo daga ofis. Ta wannan hanya na ji cewa tana son ganin yayarta.

"Inna ta ce a gaya wa mai gidan nan, Yaya ta tsufa," in ji matata tana zuba mini abinci. "Ta ce ita ma ba yarinya ba ce. Iyakar saƙon ke nan."

Na fahimci sauran. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Yaya, kamar yadda dukanmu muke kiran ta, ba ta taɓa barin ƙauyen da aka haife su ba, wani dausayi mai goriba da dabino a tsakiyar tuddan yashi, can arewa da Yusufari, kusa da iyakar Nijar. Rabonsu da juna tun kafin in yi aure. Wani mai fataucin kanwa ya kawo labari cewa idanunta sun fara dusashewa, ta kuma daina fita lambu. Yankin kuwa gwamnati ta riga ta keɓe shi ya zama gandun daji. Mutanen ƙauyukan suna nan a wurarensu, amma baƙo ba ya shiga da mota sai da izini da rakiya.

Lokacin farar hula sun dawo mulki, kuɗin mai yana shigowa, duk inda ka juya a Abuja ƙarar injin kwaɓa siminti kake ji. Ni ma abin ya ɗan taɓa ni. An ƙara mini girma a ma'aikatarmu, na sayi jif ta hannu mai jan ƙafa huɗu, wadda ba ta taɓa taka wani abu a hannuna ba in ba kwalta ba. Saboda haka ban ga dalilin da zai hana ni kai Inna gida ba.

Na je wurin wani abokina tun na jami'a, mutumin Filato, wanda yake aiki a hukumar da ke kula da irin waɗannan gandaye, ya kuma yi shekaru a can arewa kafin a dawo da shi hedikwata. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai da ya yi dariya har ya buga tebur.

"Kai ne za ka hamada? Kai da ko masallacin Juma'a ba ka zuwa sai da esi a mota?"

"Ba yawon buɗe ido zan je ba. Tsohuwa zan kai ta ga 'yar'uwarta."

Nan take ya daina dariya. "To, in don Mama ce, zauna mu yi magana sosai."

Ya ce lokacin tafiya shi ne farkon sanyi, bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa ta sha iska. In aka kuskure wannan, sai zafin bazara ya shigo, wanda ba a kai tsohuwa cikinsa, daga nan kuma damina ta ɓata hanyoyin fadama, shekara ta tafi ke nan. Ya ce in nemi izinin shiga tun daga nan, kada in bari sai na isa ƙofar gandu. Ba a shiga da mota ɗaya. Zai sa akori-kurar ma'aikatan gandu ta yi mana rakiya, amma kada in sa rai za ta ɗaukar mini ko allura, domin ita ma cike take tafiya da mutanenta da ruwansu. In cika tanki da jarkokin mai a gari na ƙarshe. In ɗauki shebur, da igiya mai ƙarfi, da faffaɗan katako da za a ɗora jak ɗin ɗaga mota a kai, da famfon taya, da safaya biyu. Ruwan sha kuwa, in lissafa abin da nake ganin zai ishe mu, sannan in ninka. Wayar salula da muke taƙama da ita a Abuja ba ta da amfani a can, don haka in gaya wa wani ranar da ya kamata ya ji daga gare ni.

Ya ci gaba da abin da ya shafi tuƙi. A bakin yashi ake rage iskar tayoyi. Da sanyin safiya ake tafiya, lokacin da rairayi yake da ɗan ƙarfi. In taya ta fara juyawa a wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa nan da nan, domin ƙara wuta ramin kabari ne kawai mutum yake haƙa wa motarsa. Kada a bar sawun motar gaba. Kada a matsa kusa da bakin dausayi, inda kanwa take yin ɓawo fari kamar busasshiyar ƙasa alhali taɓo ne a ƙarƙashi. Ba a sare itace, ba a harbin tsuntsu, kuma duk ledar da ta shiga da kai, da kai za ta fito.

"Saura abu ɗaya," in ji shi yana raka ni bakin ƙofa. "Shi ne kowa yake cewa ya ji amma ba ya aiki da shi. Nauyi. Yashi ba ruwansa da girman injinka. Abin da ka ɗora masa kawai ya sani."

Na shiga shiri kamar yadda aka horar da ni, a tsanake. Na kai Inna wurin likita, ya duba hawan jininta ya amince da tafiyar, na raba maganinta gida biyu, rabi a jakarta rabi a tawa. Na kai mota gareji aka duba ta. Duk Asabar ina sayo wani abu in ajiye a ɗakin baƙi. Ban lura ba sai daga baya cewa ɗakin yana cika ta ɓangare biyu.

Inna ita ma shiri take yi. Buhunan shinkafa biyu suka fara bayyana. Sai kwalayen sabulu da taliya da sukari, da turamen atamfa, da jarkar man gyaɗa. Wata Asabar ta sa matata ta kai ta Ushafa, suka dawo da wata babbar randa, an naɗe ta da bargo kamar jaririya. Asabar ta gaba suka nufi kasuwar Karshi, suka dawo da doya har sai da bayan motar matata ya sunkuya. Inna ta san kowane gida a ƙauyen, ko aƙalla gidajen da ta bari, kuma ba wanda ta tsallake.

Na same ta a falo bayan la'asar, na durƙusa daga gefe, na yi bayanin nauyi da yashi a hankali. Ta saurare ni har na gama, idonta a kan carbinta. Sannan ta juya wajen matata.

"Ki tambaye shi, shekarun nan duka, hannu rabbana zan shiga garinmu?"

"Inna, akwai motocin kaya da ke zuwa Gashuwa. Sai a tura kayan tun yanzu, a ɗora wa masu raƙuma ranar kasuwa. Kafin mu isa sun riga mu."

"Ki gaya masa abin da ya riga mutum zuwa saƙo ne. Saƙo kuwa na daɗe ina aikawa. Tsaraba da ƙafar mutum take shiga."

Matata ta dube ni tana danne dariya. "Ka dai ji da kunnenka, ba sai na maimaita ba."

Washegari saƙo ya zo ta kicin, kuma wannan karon matata ba ta yi dariya ba. Inna ta ce in motar ba za ta ɗauka ba, ba komai, a bari sai wata shekara. Na san ba barazana take yi ba. Da ta shiga gidan yayarta a matsayin wadda birni ya cinye ta manta da mutane, gara ta zauna. Na kuma san cewa tsakanin tsofaffi biyu, wata shekara ba abin da za a yi alkawari a kansa ba ne.

Ban iya gardama da Inna ba, ban taɓa koya ba. Sai na yanke shawarar a yi gwaji. Akwai wani rafi a wajen Uke, a hanyar Keffi, wanda yake janyewa bayan damina ya bar shimfiɗar yashi mai faɗi, inda tifofi suke zuwa ɗiba saboda gine-ginen Abuja. Na ce za mu loda komai da komai kamar ranar tafiya ce, mu je mu ga yadda motar za ta yi. Na gaya wa kaina cewa wannan tsari ne na hankali, kuma haka ne. Amma a ƙarƙashinsa ina so Inna ta gani da idonta cewa ni ne mai gaskiya.

Muka fita da hantsi, mu uku. Kaya har saman mota, an ɗaure da igiya. Randar tana kujerar baya kusa da Inna, ta dafa ta da hannu ɗaya. A bakin rafin na sauka na rage iskar tayoyi kamar yadda aka koya mini, na sa giyar ƙarfi, na yi bismilla. Motar ta shiga yashin da kyau har na fara jin daɗi. Can sai na ji ta yi nauyi a hannuna, injin yana kuka amma gaba ba ta ci. Na ɗaga ƙafa. Da na buɗe ƙofa, yashi ya kusa taɓa dokinta.

Masu lodin tifa suka ajiye sheburansu suka taho, suna ta murmushi. Babbansu, wani dattijo mai tawul a wuya, ya zagaya motar ya leƙa ciki.

"Sannu oga. Ƙaura ake yi ne? Ai gari yana can baya, nan rafi ne."

"Gwaji muke yi."

"To, gwaji ya yi kyau. Ta zauna daram." Ya leƙa ta taga. "Mama, sannu da hanya. Sai an sauke kaya fa, in ba haka ba nan za ku yi azahar."

Aka shimfiɗa wa Inna darduma a inuwar wata bishiya a gaɓar rafin, matata ta zauna kusa da ita. Muka shiga sauke kaya. Ba wanda ya tsara hakan, amma da yake ni nake miƙowa ina cewa wannan na Inna ne, wannan nawa ne, sai mutanen suka riƙa ajiyewa wuri biyu. Da aka gama, na ja da baya ina share gumi, na dubi tulin biyu a kan farin yashi. Nawa bai fi nata ƙanƙanta ba.

Na tsaya ina jiran ta ce a zubar da ruwa. Jarkokin ruwa su ne mafi nauyi a cikin kayana, kuma tun a gida na shirya amsar da zan bayar. Inna ta miƙe da sandarta, ta taho a hankali, matata tana biye. Ta wuce jarkokin ruwa, ta ɗan taɓa ɗaya da sanda.

"Wannan a bar shi. In da wuri ma a ƙara. Na san ƙishirwar hanyar nan tun ba a haife shi ba."

Ta wuce mai, ta wuce shebur da igiya da safaya. Sai ta tsaya a gaban wani abu mai jan fenti.

"Wannan fa?"

"Janareto ne, Inna," in ji matata. "Ƙarami."

"Me za a kunna?"

Matata ta dube ni. Na ce fitila, da fanka saboda Inna, da cajin waya.

"Ba shi ya ce waya ba ta aiki a can ba?"

Masu lodin suka fashe da dariya, dattijon yana cewa, "Mama ta kama ka, oga."

Ta ci gaba. Tukunyar gas da murhunta. Kula babba ta sanyaya kaya, cike da abincin gwangwani. Kujerun naɗewa. Katifu uku. A ƙarshe ta zo kan wata doguwar jaka, aka ce mata tanti ne. Ta daɗe tana kallon sa. Da ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa ce, kuma ko da yake fuskarta tana wajen matata, ba ta ce a gaya mini ba.

"A ƙofar gidan yayata za a kafa wannan? A dafa abinci daban, a kwana daban, yara su taru suna kallo? A ɗakin nan aka yanke mini cibiya. Shi ma da yana rarrafe ya kwana a ciki."

Har yau ina komawa kan wannan tsayuwa a bakin rafi. Abokina bai ce in sayi janareto ba, bai ambaci tanti ko kujera ba. Ni na ƙara su, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da hujjarsa, kuma duk hujjojin da sunan Inna na kafa su: kada ta ji zafi, kada cikinta ya ɓaci, kada bayanta ya yi ciwo. Kayanta na kira su al'ada, wadda ake iya ragewa. Nawa na kira su larura. Ban tabbata ba ko duk tsoro ne ya sa na tara su, domin wani ɓangare kulawa ce ta gaskiya, kuma ba na son in yi wa kaina ƙarya ta wancan gefen ma. Amma tabbas akwai tsoron tabarma da duhu da tuwon da ban saba da shi ba. Na shirya shiga gidan dangina kamar baƙon da ya zo nazarin ƙasa.

Na ce wa mutanen su ware janareto da gas da kujeru da tanti da kula. Katifa ɗaya na roƙa a bari, ta Inna.

"Ki ce masa na yarda da katifar," in ji ta. "Yaya za ta kwanta a kai."

Daga nan ta juya kan nata tulin, ba tare da kowa ya ce mata komai ba. Ta tsaya jim, leɓunanta suna motsi, na gane gidaje take bi ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a cire buhun shinkafa ɗaya. Ta ce taliya ta zauna, mutanenta ba su dame da ita ba. Doyar ta sa aka baje, ta zaɓi masu kyau da sandarta, kusan rabi, sauran ta ce wa dattijon su raba, ladan wahalarsu. Randar ba a ko yi maganarta ba.

"Allah ya kai ki lafiya, Mama," in ji dattijon. "Oga, in ka sake gwaji ka zo nan, muna nan kullum."

Suka tone tayoyin, suka tura motar ta fito. Muka mayar da abin da ya rage, muka bar sauran a gaɓa, na sake shiga yashin. Wannan karon ta bi ta kai kamar tana iyo, har ƙarshen shimfiɗar, na juyo na dawo. Ta madubi na ga Inna ta saki randar ta ɗaga tafukanta biyu tana addu'a.

In wani ya tambaye ni yau yadda ake shirin shiga irin wannan wuri, nakan maimaita masa duk abin da abokina ya faɗa, domin ba ko ɗaya da ya zama banza. Sannan in ƙara nawa: ya loda motarsa tun a gida, da mutanen da za su shiga, ya nemi yashi mafi kusa ya gwada. In ta nutse, ya fara duba kayan da ya saya wa kansa.

Mun tashi a farkon sanyi. Muka kwana a hanya, muka cika mai a gari na ƙarshe, muka gabatar da izininmu a ofishin gandu. Da asuba akori-kurar ma'aikata ta shige gaba, muka bi sawunta. Ban taɓa ganin ƙasa mai faɗi da shiru irin wannan ba. Tuddan yashi jaja-jaja suna bin juna, a tsakaninsu kwari mai duhun goriba, wani wuri ruwa yana ƙyalli da fararen tsuntsaye a bakinsa. Wani tudu ya ƙi mu a karo na farko, na koma da baya a kan sawuna, na sake ɗaukar gudu, muka haye da ƙyar. Da buhun nan na biyu yana ciki, ban ga yadda za mu yi ba. Can Inna ta fara kiran sunayen wurare a hankali da yarensu na Mangawa, wanda nake ji kaɗan-kaɗan, tana nuna wa matata da haɓa.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da muka gangara cikin ƙauyen. Muka tsaya nesa da bakin ruwa, inda ma'aikatan suka nuna. Mutane suka fito daga cikin shingayen kaba suka tsaya cirko-cirko, ba mai matsowa. Daga baya aka gaya mini cewa motoci biyu ba sa zuwa garin tare sai da wani babban dalili, kuma yawanci ba mai daɗi ba.

Inna ta sauka ba ta jira sandarta ba. Ba ta tambayi hanya ba. Muka bi ta a baya har wani gida a gindin dabino, inda wata tsohuwa siririya take tsaye a ƙofa, ta kama shinge da hannu ɗaya, ta karkata kai wajen da ta ji ƙarar injin. Inna ta durƙusa a gabanta a kan yashi, kamar yadda ƙanwa take yi, ta yi sallama.

Yaya ta miƙa hannu ta lalubo kan Inna, ta shafa goshinta da kumatunta.

"Wa ya rasu?" ta tambaya.

"Ba wanda ya rasu, Yaya."

"To me ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Zuwa na yi."

Yaya ta saki shingen, ta sulale ta zauna a ƙasa kusa da ita. Suka fara gaisuwa tun daga farko, yaya gajiya, yaya sanyi, yaya mutanen gida, kowace tana riƙe da hannun 'yar'uwarta, suna amsawa da lafiya lau, hawaye yana bin fuskokinsu ba mai sharewa. In sun kai ƙarshe sai su sake komawa. Matata ta ja hannun rigata, muka koma inuwar dabino muka zauna muna jira.